Ludayin Goggo Turai

Shafi na 17

Goggo Turai macuciya ce, kuma ba zan sassauta mata ba. Na ga masu rubuto mini cewa tsohuwa ce, al'ada ta tarar, a yi mata uzuri. Ku karanta shafin yau tukuna. Matar da za ta raba jariri da nonon uwarsa a tsakiyar bazara, tana sane da abin da take yi, ba al'ada take bi ba.

Rana ta take tsaka a Gwaram. Kwanon da Hambali direba ya buga wa ɗakin matarsa a shekarar Udoji da aka ƙara albashi kuɗi suka yawaita, don a san shi ma ya samu, yau shi ke gasa ta. Taga a rufe. Garwashi na ci a kasko ƙarƙashin gado, domin Goggo ta ce mai jego ba ta rabuwa da wuta komai zafin gari.

Zahara'u na zaune a tabarma, ta jingina da bango. Bayanta duk ƙurajen zafi ne. An ɗaure mata ƙirji tamau da tsohon zane, nonon ya cika ya yi tauri, ko numfashi ta ja sai ta ji kamar ana tsaga ta.

Jaririnta Sada na kwance a gefenta. Ba ya kuka. Kwanakin baya ya yi har muryarsa ta dushe, yau kuwa sai dai ya buɗe baki ya rufe. Tsummansa ya sake jiƙewa da zawo.

Ta miƙa yatsa ta taɓa maɗigarsa. Ta faɗa ciki.

Ta janye hannun da sauri, ta dubi ƙofa ko wani ya gan ta. Ɗan fari ne. Ba a faɗin sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Haka ta tashi a rugarsu ta bayan Basirka. Ita ma 'yar fari ce, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Wannan kunyar ce ta rufe mata baki ranar gwaji.

Tun kafin suna Goggo Turai, ƙanwar mahaifin Hambali kuma unguwarzomar unguwar, ta zaro ɗan ludayinta daga jakar fata, ta tatsi nonon Zahara'u a ciki, ta jefa tururuwa. Kowa ya san hukuncin. In ta fito da rai, nono lafiya. In ta mutu, nono ya lalace. Tururuwar ta juya, ta miƙe ƙafafu. Goggo ta ce zafin bazara ya dafa nonon a ƙirji, in yaro ya sha ba zai ga suna ba. A ranar aka aika kantin ɗanta Ɗanbala, aka sayo madarar gwangwani da kwalba mai bakin roba.

Ga kwalbar can a bakin gado. Madarar da aka dama tun safe da ruwan rijiya ta tsinke, ƙudaje na rububin bakin robar.

Zahara'u ta kawar da kai, idonta ya sauka a daɓe.

Nonon ya daɗe da ratsa zanen. Yana bin cikinta, yana ɗiga daga bakin tabarma, har ya taru a wani ɗan lotsi. Kiyashi sun kewaye shi. Suna sha, suna juyawa, suna bin layinsu zuwa ramin gindin bango, wasu na fitowa.

Ta zuba musu ido. Ta zaɓi ɗaya ta bi shi da kallo har ya shige rami. Ta sake zaɓar wani. Ta jira ta ga wanda zai miƙe ƙafafu.

Babu.

Sallama ta ji daga tsakar gida, muryar da ta sani tun tana goye.

Inna Hapsatu ce, mahaifiyarta. Janyawar ruwa ta sa an kai shanu nesa, shi ya hana ta zuwa suna. Ta sauke ƙwaryar man shanu a ƙofar ɗaki. Goggo Turai ta taso daga rumfa tana gyara ɗaurin ƙirji.

"A'a, mutanen daji. Sai yau aka tuna da mu?"

"Sai yau shanu suka sake mu, Yaya Turai. Ina gajiyar biki?"

"Gajiya ta bi lafiya. Shigo ki ga angon naki. Rigima gare shi kamar kakansa."

Inna ta ɗaga labule. Zafin ɗakin ya doke ta, ta ɗan ja baya. Ba ta dubi 'yarta ba. Jaririn ta ɗauka, ta juya shi wajen haske. Ta ja fatar cikinsa da yatsu biyu ta saki. Fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba.

"Me yake sha?"

"Madarar Turawa," in ji Goggo. "Ta gwangwani. 'Ya'yan manyan ma'aikata a Kano ita suke sha."

"Uwar tasa ta mutu ne?"

"Nononta ne ya mutu. Na gwada a gaban mata. Ba yau na fara karɓar haihuwa ba, Hapsatu."

 Inna ma ta san gwajin, ta kuma yarda da shi. Zahara'u ta ga kafaɗun uwarta sun sauka, ta san in ta bari wannan damar ta wuce, shi ke nan.

"Inna."

Dukkansu suka waiwayo. Tun da ta haihu ba a ji ta ta da magana ba.

"Inna, kiyashi sun sha. Ba su mutu ba."

Ta nuna daɓe. 

Goggo ta yi dariya. "Ji mini yarinya. A kan ɗan fari kike buɗe baki gaban uwarki? Kiyashi daban, tururuwa daban. Zazzaɓin nono ne ke sa ta sambatu."

Inna ta tsuguna da jariri a hannu. Ta daɗe tana kallon layin kiyashin. Da ta miƙe, ƙafa ta sa ta jawo kaskon garwashi daga ƙarƙashin gado, ta tura shi waje.

"Hapsatu, ɗakin ɗana ne wannan."

"Na sani. A fito da tabarmar nan gindin darbejiya."

"Mai jego a iska?"

"Wace iska? Ko ganye ba ya motsi. A sake gwajin."

"Ba a gwaji sau biyu."

"Yau za a yi."

Hayaniyar ta jawo maƙwabta. Cikinsu akwai Kubra, wadda katanga ɗaya ta raba su. Bara war haka ita ma ta haifi 'ya mace, Goggo ta gwada nononta, tururuwa ta mutu, aka koma gwangwani. Yarinyar ba ta ga damina ba. Tun daga nan dangin mijinta suke ce mata mai mugun nono, ko ɗan wani ba a yarda ta ɗauka. Ta tsaya daga baya ta rungume hannu.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa. Zahara'u ta fito tana dafa bango. Inna ta ce wa matan, ba tare da ta dubi 'yarta ba, "A ba yarinyar nan ruwan randa ta sha ta ƙoshi."

"Ruwan sanyi?" in ji Goggo. "Kashe ta za ku yi."

Kubra ce ta ɗebo. Zahara'u ta shanye kwanon, ta miƙa a ƙaro.

Inna ta sa aka kawo sabon ƙoƙo daga ɗakin girki, ta wanke da kanta. Aka kamo tururuwa biyu a gindin rumbu. Ta kwance zanen da ya ɗaure ƙirjin, Zahara'u ta ciji leɓe don kada ta yi ƙara. Ba a ma matsa ba, nonon ya tsinke da zuba cikin ƙoƙon.

Inna ta jefa tururuwa ɗaya.

Matan suka sunkuyo. Tururuwar ta yi iyo, ta kama gefen ƙoƙo, ta zame, ta sake kamawa. Ta hau baki, ta tsaya tana share ƙahonninta, ta sauka ƙasa ta kama gabanta.



"Ya gyaru ke nan," in ji Goggo. "Kunun kanwar da nake ba ta ne ya wanke shi. Ku gode mini."

"Mun gode," in ji Inna. "Kawo ludayinki."

"Me za ki yi da shi?"

"Saura tururuwa ɗaya."

"Ludayin nan na gado ne. Ba kowane hannu ke taɓa shi ba."

"To ki riƙe da hannunki. Ruwa kawai za mu zuba."

Goggo ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya tana neman mai tare mata. Duk haihuwarsu ita ta karɓa, ita ta yanke cibiyar 'ya'yansu. Amma babu wadda ta ɗago kai. Ta shiga rumfa ta fito da jakar fatar, ta zaro ludayin, ta fara goge cikinsa da bakin zane.

Kubra ta riƙe mata hannu.

"Kada ki goge, Goggo. Ranar nawa ba ki goge ba."

Aka zuba wa ludayin ruwan randa, wanda Zahara'u ta sha yanzun nan. Aka jefa tururuwar. Ta zagaya, ta nufi gefe kamar 'yar'uwarta. Tana kama jikin ludayin sai ƙafafunta suka fara harɗewa. Ta faɗo. Ta dunƙule. Ta miƙe.

Kubra ta fizge jakar ta kifa ta a kan faifai. Aska ta faɗo, da zare, da ƙullin magani. A bayansu wata farar hoda ta zubo. Warin ya tashi, kuma duk matar da ke wurin ta san shi. Hodar nan ce da ake barbaɗa wa wake a rumbu don ƙwari. A Gwaram kanti ɗaya ke sayar da ita, na Ɗanbala.

Wata tsohuwa ta fara salati ƙasa-ƙasa.

"Tsautsayi ne," in ji Goggo. "Kusa da buhun wake na rataye jakar."

Kubra ta ɗauki ludayin da ruwan da gawar tururuwar, ta miƙa mata har bakinta.

"To sha."

"Ke, Kubra, ni sa'arki ce?"

"Ruwa ne kawai. Sha."

Goggo ta kawar da kai.

"Matar Ɗanbala ta haihu a watan jiya," in ji Kubra. Muryarta ba ta tashi ba. "Ina ganin ta a zaure tana shayarwa. Me jikanki yake sha, Goggo?"

Kubra ta matso gabanta.

"Kantin ubansa cike da gwangwani. Me yake sha?"

"Nono," in ji wata daga baya.

"Kin gwada nata?"

Goggo Turai ta zauna a kan turmi. A nan bakinta ya buɗe, kuma abin da ya fito ya fi shirun muni.

"Kaya Ɗanbala ya jibgo daga Kano, ba mai saye. Matan garin nan kowace da nononta, wa zai dubi gwangwani? Yaro ya zo yana mini kuka. Ni madara na sa aka ba 'ya'yanku, ba guba ba. Akwai hoton jariri a jiki, ƙato, yana dariya. Wanda kwanansa ya ƙare ai ko me ya sha tafiya zai yi."

Ku ji fa. Ta san abin da ta zaɓa wa jikanta, ta kuma san abin da ta zaɓa wa na mutane, sannan ta jingina wa ƙaddara.

Zahara'u ba ta ji ƙarshen maganar ba. Idonta na kan Sada, wanda ke kwance a cinyar Inna. Idanunsa a buɗe kaɗan, fari kawai ake gani. Hannayenta suka ɗago da kansu, suka tsaya a iska. Mata sun cika gidan. Uwarta na wurin. Ta mayar da hannayen cinya.

Inna Hapsatu ta ɗago kai. Karo na farko tun da ta shigo, ta dubi 'yarta ido cikin ido.

"Zahara'u."

Sunan ya fito a karkace, kamar bakin bai san hanyarsa ba. Matan suka dubi juna.

"Zahara'u, karɓi ɗanki. Kunyar nan ni na koya miki. Ajiye ta."

Ta karɓe shi. Bai fi nauyin ƙwaryar da ba komai a ciki ba.

"Kwanta ta gefe," in ji Inna. "Kada ki rungume shi a gumi, jikinsa ya riga ya yi zafi. Shimfiɗa masa ɗankwalin nan tsakaninku. Kubra, kawo mafici."

Kubra ta durƙusa tana yi musu fifita. Wata ta jiƙa tsumma ta goge wa Zahara'u wuya da baya. Nonon ya yi tauri ƙwarai, bakin yaro ba zai kama ba, sai Inna ta tatse kaɗan har kan ya yi laushi. Ta goga a leɓensa.

Bai motsa ba.

"Ɗiga masa."

Zahara'u ta matsa. Ɗigo ya sauka a harshensa, ya gangaro ta gefen baki. Ta sake. Ya sake gangarowa.

"Sada," ta ce, a gaban kowa. "Sada, ka sha. Ni ce."

Maƙogwaronsa ya motsa. Sau ɗaya. Ta ji shi a tafin hannunta da ke ƙarƙashin wuyansa. Ta kai masa kan nonon, ya kama, ya ja a raunane, ya saki. Kansa ya koma baya.

"Da rai," in ji Inna. "Amma wannan ya wuce mu. Ruwan jikinsa ya ƙare. Sai asibiti."

Ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Hambali ne ya dawo sallar azahar da a-kori-kurarsa. Labari ya riga shi zuwa zaure, domin an aika wa Mai unguwa Dabo, maza sun fara taruwa. Ya shigo ba sallama. Ya dubi hodar a faifai, ya dubi matarsa a kwance, ya dubi Goggo a kan turmi.

"Hambali," in ji Goggo, "ni na goya ka da uwarka ta rasu. Za ka tsaya baƙi su tozarta ni a gidan ubanka?"

"Da me kika shayar da ni, Goggo?"

Ya tako har gaban turmin.

"Na ji an ce matar Baffa ce ta ba ni nono tare da ɗanta. Ke kika kai ni wurinta da kanki. Haka ne?"

"Haka ne."

"To kin sani."

 Ya fita ya sauke buhunan da ke bayan mota, ya shimfiɗa katifa, ya ɗaura tabarma a kan ƙarafa don inuwa. Asibiti sai Birnin Kudu, hanya kuma duk ramuka, ga rana. Inna ta cika gora da ruwan randa.

"Kina sha, kina ɗiga masa," ta ce wa Zahara'u. "Ko ya ƙi, kada ki daina. Kada ki bar bakinsa ya bushe har mu isa."

Aka fito da su ta zaure. Zahara'u ba ta rufe fuska ba, ba ta miƙa wa kowa jaririn ba. Tana hawa motar ta ji wani ya ce an je kantin Ɗanbala an tarar da kwaɗo a ƙofa, an kuma gan shi a kan babur ya yi hanyar Basirka.

Mai unguwa Dabo na tsaye a ƙofar zaure. An kawo masa faifan da ludayin. Aka fito da Goggo Turai ba mayafi, Kubra na bayanta. Dabo ya shinshina hodar ya mayar. Ya sa hannu ya ɗauki askar yankan cibiya, ya sa a aljihu.

Hambali ya ta da mota. Zahara'u ta matsa ɗigo a bakin Sada, tana jiran maƙogwaron ya sake motsi. Ta cikin ƙarar injin ta ji muryar Mai unguwa, ba fushi a cikinta.

"Daga yau ba ki ƙara shiga gidan haihuwa a ƙasar Gwaram. A rufe ta a ɗakin zaurena har motar nan ta dawo. In yaron ya dawo a bayan uwarsa, ta tattara kayanta ta bar garin. In ya dawo a naɗe a tabarma, gaban alƙali za ta, a kan ransa da na 'yar Kubra."